Mai Walda da Kabad ɗin Kicin

A layin masu aikin ƙarfe babu wanda bai san Mai Walda ba. Shekara arba'in da ɗaya ya yi a tsugune gaban ƙarfe da baƙin gilashi a fuska, har tartsatsi ya cika masa bayan hannu da tabo, idanunsa kuma suka koma zubar da ruwa ba dalili. Ƙofofi, ƙarafan taga, gadaje, ƙafar tankin ruwa, babu abin da bai haɗa ba. Mutum ne mai sauƙin kai. Idan maƙwabcin shagonsa ya samu babban aiki, shi ne na farkon yi masa barka, ya kuma ara masa inji idan nasa ya ƙi tashi. Ba a taɓa jin ya yi ƙyashin motar wani ko gidan wani ba. Abu ɗaya ne a duniya ya tsone masa ido, shi ma yana cikin gidan da yake kwana, manne da bangon kicin: kabad na jan katako mai murfi goma sha biyu da durowa huɗu.

Gidan na surukinsa ne. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda shekarun da ta yi tana koyarwa a firamare, a nan aka haife ta. Da iyayenta suka rasu, yayyenta duk sun yi nisa da iyalansu, sai suka ce ta koma ta zauna kada gidan ya mutu. Mai Walda bai so ba, amma ɗaki biyun da suke ciki sun yi musu kaɗan da yara uku, dole ya yarda.

A satin da suka koma, gwaggon Malama ta zo ganinsu. Tsohuwa ce da bakinta ba shi da birki. Ta tarar da shi a kicin yana ɗaura ƙarfen labule, ta ja kujera ta zauna, ta shafa murfin kabad ɗin da ke kusa da ita.

"Ka ga aikin Kafinta," in ji ta. "Wata biyu ya yi a gidan nan yana haɗa shi. Aikin sati uku ne fa, amma yaro ya ƙi gamawa. Kullum sai ya ce akwai wurin da bai zauna daidai ba." Ta nuna Malama da haɓa tana dariya. "Ga wurin da bai zauna daidai ba nan a tsaye. Ba don ya samu aiki a wani gari ya tafi ba, ɗana, da yanzu kai kana can kana ƙona ido, shi yana nan yana cin girkinta."

Malama ta ce, "Gwaggo, ke dai ba ki rabo da tone-tone."

Mai Walda ya taya su dariya, amma sai da ya ɗaura ƙarfen labulen a karkace.

Bayan tafiyar tsohuwa ya tambayi matarsa, yana yi kamar maganar ba ta dame shi ba. Ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce gaskiya ne, Kafinta ya gaya wa mahaifinta yana so, mahaifin ya ce sai ta gama karatu, kafin ta gama ya tafi, shi ke nan labarin.

"Ke fa?" ya ce.

"Ni me?"

"Kin so shi?"

"Maigida, shekarata goma sha tara a lokacin. Duk wanda ya gaishe ni sau biyu sai in rasa inda zan sa kaina."

Ya jira ta ƙara wani abu, ba ta ƙara ba. Ta ci gaba da jera kofuna.

Da a ce Malama ta bar kabad ɗin ya tsufa kamar kowane kayan gida, da maganar gwaggo ta bi iska. Amma kowace Asabar da hantsi sai ta ɗumama ruwa kaɗan a ƙaramar roba, ta ɗiga sabulun wanke-wanke ɗigo biyu, ta ɗauko tsofaffin singiletin yara da ta yanka ta adana don wannan aiki. Ɗaya na jiƙawa, ɗaya na busarwa. Takan matse na jiƙawar da ƙarfi, idan ɗaya daga cikin yaran na kusa ta ce, "A matse shi har ya daina hawaye." Sai ta bi murfin a hankali daga sama zuwa ƙasa, yadda layin katakon ya tafi, ta bi bayansa da busasshen tsumma kafin danshi ya zauna. Lungunan sassaƙa kuwa tsohon buroshin haƙori take sa musu. Sau biyu a shekara tana shafa masa kakin zuma, ta goge har mutum ya ga inuwarsa a jiki. Tana yi tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, wadda Mai Walda bai taɓa jin ta yi ba lokacin da take guge masa riga.

Daga falo yake jin komai. Ya buɗe jarida, amma kunnensa na kicin. Yaran ma sun lura, har suka sa wa kabad ɗin suna Babban Yaya, wai don shi kaɗai ne a gidan ba a taɓa yi wa tsawa ba. Idan suka faɗa, uwar ta yi dariya, uban ya juya shafi.

Ya yi ƙoƙari ta hanyarsa. Wata shekara ya kwashe sati uku yana haɗa mata kanta ta ƙarfe mai hawa biyar, ya goge duk wani haɗi har ba a gane inda aka yi walda, ya fesa mata farin fenti. Malama ta yi murna ƙwarai, ta yi ta godiya, sannan ta sa aka ajiye ta a tsakar gida kusa da famfo don kife tukwane.

"Ai ƙarfenka ba ya tsoron ruwa," ta ce. "Ko shekara nawa zai yi a nan ba abin da zai same shi."

Yabo ta yi, shi kuwa abin da ya ji shi ne: na Kafinta a ɗaki, nasa a rana.

Daga nan ya koma sa rai da gara. Idan ya shiga kicin shan ruwa ba kowa, yakan ƙwanƙwasa gefen kabad ɗin da yatsa ya kasa kunne, ko zai ji wurin da ya zama holoƙo. Ya leƙa ƙasa ko zai ga garin katako ya zubo. Gara ta ci ƙofar banɗaki, ta ci kujerun falo biyu, ta ci akwatin takardunsa, amma kabad ko kusa da shi ba ta je ba.

Wajen shekara ta goma sha biyar da komawarsu ya ji a bakin wani mai sayar da ƙusa cewa Kafinta ya dawo garin, ya buɗe shago a bayan kasuwar katako. Bai gaya wa Malama ba. Sau biyu ya bi ta layin a kan babur, a hankali, yana satar kallo, bai ga kowa ba sai tarin katako da wata akuya. Don haka Kafintan da ke cikin kansa ya ci gaba da zama yadda ya ƙera shi: dogo, mai faɗin kafaɗa, mai laushin murya, da fensir a bayan kunne, kuma shekarunsa ba su taɓa wuce ashirin da biyar ba.

Haka aka yi shekara talatin da uku. Yara suka girma suka watse, ya bar shago a hannun waɗanda ya koya wa, yana leƙawa jefi-jefi. Zaman gida ya sa ya ƙara ganin kabad ɗin fiye da da.

Sai wata safiya Malama ta zame a bakin famfo ta karye a tsintsiyar hannun dama. Autarsu, wadda gidanta ke kusa da asibiti, ta ce ba za a yi ta jigila da tsohuwa ba, za ta riƙe ta sati shida har a cire filasta. Mai Walda ya ce shi ba inda za shi, zai iya da kansa.

Ya iya, amma irin tasa iyawar. Bai san ƙaramar wuta ba. Idan ya kunna murhu sai ya murɗe shi har ƙarshe, kamar zai narka rodi. Ƙwai, kifi, dankali, duk a cikin mai suke iyo, man na tsalle har sama, taga kuma a rufe don kada ƙuda su shigo. Kullum da yamma Malama na kira ta tambayi ciwon ƙafarsa, ta tambayi maganinsa, ta rufe da magana ɗaya.

"Kada ka taɓa mini kabad, Maigida. Ko ya yi datti ka bar shi, in na dawo zan san yadda zan yi."

Wannan "mini" ɗin shi ne ke tsaya masa a rai.

Saura kwana huɗu ta dawo, ya shiga kicin da safe, rana ta faɗo ta taga ta haska murafun da ke saman murhu. Sun yi baƙi, sun yi danƙo. Ya dangwala yatsa, yatsan ya manne. Da farko tsoro ya ji. Daga baya wani tunani ya zo masa: mace mai karyayyen hannu ba za ta iya wannan aiki ba, kuma shi da ya mayar da ƙofofi masu tsatsa sababbi, maiƙon kifi ne zai gagare shi? Abin da take ɓata rabin yini a kai da tsumman yara, shi zai gama shi kafin shayi ya huce. Ta dawo ta ga abin da hannun ƙarfe ke iyawa.

Ya shiga sito ya ɗauko soson ƙarfe da ragowar tina, ruwan nan mai kaifin wari da yake wanke fenti da shi. Ya taka kujera, ya jiƙa soson, ya fara da murfin tsakiya.

Gugar farko maiƙo ya fita kamar wasa. Ta biyu ma haka. A ta uku ya ga soson ya yi ja, ya kuma ga katakon ya fara fari a ƙarƙashinsa. Ya gane abin da ke faruwa sarai, don ba yaro ba ne. Amma hannunsa bai tsaya ba. Ya yi ta huɗu, ya yi ta biyar, ya danna da ƙarfi a ta shida, yana jin wani daɗi na hawo masa daga ciki, irin na mai sosa ƙaiƙayin da ya daɗe a tsakiyar baya. Sai da ya sauko daga kujerar ya ja da baya, sannan ya ga abin da ya yi. Wuri mai faɗin tafi biyu ya koɗe fat, ya yi zane-zane, tina ta gangaro ta bar sawu uku har ƙasan murfin.

Ya zauna a kan kujerar da sosonsa a hannu. Ya daɗe a haka.

Da azahar ya kwance murfin, ya naɗe shi a buhu, ya ɗaure a bayan babur. Kafintan farko da ya kai wa ya duba ya ce a fesa wa duka goma sha biyun fenti ruwan ƙasa a huta. Na biyu ya fi shi gaskiya. Ya juya murfin, ya shinshina, ya ce, "Baba, wannan shafin hannu ne irin na da, bi da bi ake yin sa. Mu feshi muka sani. Akwai wani dattijo a bayan kasuwar katako, in bai iya ba, to ba mai iyawa." Ya fara kwatance, Mai Walda ya ce ya san wurin.

Ya koma gida da murfinsa. Washegari ya ɗaura shi a babur ya sake saukewa. Sai a rana ta uku, da ya tuna fuskar Malama idan ta shigo kicin, ya kama hanya.

Shagon ƙarami ne, yana ƙamshin katako da gam. A ciki wani ɗan tsoho ne zaune a kan benci yana gyara ƙafar kujera. Gajere ne, siriri, kansa ba gashi ko ɗaya, tabarau ɗinsa an ɗaure ƙafa ɗaya da zare. Mai Walda ya yi sallama ya tambayi mai shagon.

"Ɗaga murya, wannan kunnen ya yi ritaya," in ji tsohon. "Ni ne."

Mai Walda ya tsaya yana kallonsa. Shekara talatin da uku yana kokawa da dogon saurayi, ga shi wanda ya tarar ko kafaɗarsa bai kai ba. Ya kwance buhun ya miƙa masa murfin.

Kafinta ya karɓi murfin, ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake. Bai fara duba ɓarnar ba. Ya juya bayan murfin, ya bi haɗin kusurwa da babban yatsa, fuskarsa ta saki.

"Wannan aikina ne," ya ce. "Gida mai bishiyar lemo a tsakar gida. Bangon kicin ɗin a karkace yake, sai da na rage bayan kabad ɗin da yatsa biyu a gefen hagu kafin ya zauna. Goma sha biyu ne, ko? Da durowa huɗu. Katakon nan shekara uku ya yi yana bushewa kafin in taɓa shi." Sai ya juyo gaban, ya ga wurin da ya koɗe. Ya dubi murfin, ya dubi hannuwan baƙonsa. "Tina da soson ƙarfe. Kai maƙeri ne?"

"Walda nake yi."

"Na ga alama."

Mai Walda ya haɗiye wannan. Ya ce gidan yanzu yana hannun 'yar mai gidan, shi ne mijinta. Ya faɗi haka yana kallon idon tsohon, yana jiran ya ga abin da zai motsa a ciki.

"Allah sarki," in ji Kafinta. "Akwai 'yan mata a gidan, na tuna. Har na yi rawar kai a kan ɗaya, ƙuruciya. Wacce ce ma? Mai wushiryar nan ka aura?"

Mai wushirya yayar Malama ce, wadda tun kafin a fara aikin kabad ɗin tana gidan mijinta, sai dai ta zo yini.

"Ƙanwarta," ya ce.

"Ƙanwar..." Kafinta ya ɗaga kai yana lalube, ya girgiza shi. "Ka gafarce ni, fuska ba ta zama mini. Katako ne ba na mantawa."

Mai Walda ya yi zaton idan ya ji irin wannan magana zai ji sanyi. Sai ya ji ransa ya ɓaci fiye da lokacin da ya shigo. Mutum ya tuna karkatar bango da yatsa biyu, amma ya manta Malama? Malama da in ta shigo aji yara sittin ke yin tsit, wadda har yau in ta yi dariya sai ya waiwaya? Saura kaɗan ya ce masa ita ce mai ɗan tabo a gira, mai tafiya da sauri, sai ya tuna wa yake shirin tunatarwa, ya kama bakinsa.

Kafinta bai lura ba. Yana shafa gefen da bai lalace ba. "Amma ko wace ce, tana da hannu. Shekara arba'in da biyar, dubi yadda shafin yake. Ba a taɓa jiƙa shi ba, ba a taɓa kankare shi ba. Irin wannan riƙo ban taɓa ganin an yi wa aikina ba." Ya ce gyara zai yiwu, amma sai an cire shafin murfin duka a sake, shafi bakwai, kowanne ya bushe kafin na gaba. Kwana goma. Kuma kalar ba za ta zo daidai da sauran ba, don shekaru ne suka dafa waccan.

"Jibi za ta dawo."

"To jibi za ta ga gurbi. Sauran fa, ka taɓa su?"

"A'a. Amma sun yi maiƙo."

"To saurara, kada ka ƙara yi mini ɓarna. Ruwan ɗumi, ba mai zafi ba. Sabulun wanke-wanke ɗigo biyu. Ka fara gwadawa a cikin murfi inda ido ba ya gani. Tsumma mai laushi, ka bi layin katako, ka busar nan take. Inda maiƙo ya yi kauri kada ka danna, ka sake bi sau biyar, sau goma, zai saki da kansa. Tsumman kuma ka matse shi har ya daina hawaye."

Mai Walda ya ɗago kai da sauri.

"Me ka ce?"

"Har ya daina hawaye. Haka nake gaya wa duk gidan da na yi wa aiki. Ba mai ji."

Akwai wadda ta ji. Ta ji sau ɗaya tana da shekara goma sha tara, ta riƙe kalma da kalma, ta koya wa 'ya'yansa a cikin gidansa, shi yana falo yana zaton maganarta ce. A hanyar komawa sau biyu ana yi masa hon don ya tsaya a tsakiyar titi.

Duk da haka ya yi aikin. Ya nemo tsummokaranta a durowar ƙasa, a ninke kamar kayan jariri. Yini biyu ya yi a kan murafu goma sha ɗaya. Da farko hannunsa na ta son dannawa, yana hana shi. Murfin da ke dama da murhu sai da ya bi shi sau goma sha huɗu kafin jan katakon ya fito. Ya canza ruwa ya fi sau ashirin. Bayansa ya riƙe, wuyansa ya ƙage, kuma abin da ya fi ba shi haushi shi ne aikin mutumin yana da kyau. Duk inda ya kai tsumma sai ya tarar da haɗi a matse, ko tsinin allura ba zai shiga ba. Shi ma mai haɗi ne, ya san abin da hakan ke ci.

Ranar da Auta ta kawo uwarta, Malama ko mayafi ba ta cire ba ta nufi kicin. Ya bi ta a baya. Ta tsaya a bakin ƙofa. Murafu goma sha ɗaya na sheƙi, a tsakiyarsu gurbi kamar an cire haƙori, ana hango gwangwanayen madara a ciki. Auta ta leƙo ta kafaɗarta, ta dubi ubanta, ta ce ita za ta je ta shigo da kaya daga mota.

"Ina murfin?" in ji Malama.

"Na ɓata shi. Na sa masa tina."

"Na ce kada ka taɓa."

"Kin ce."

Ta matsa ta shafa na kusa da hannun hagu, ta duba yatsunta. "Waɗannan fa, wa ya goge?"

"Ni."

"Da me?"

"Da tsummanki. Yadda kike yi." Ya nuna gurbin. "Murfin yana wurin wanda ya yi shi."

Ta juyo gaba ɗaya. "Yana raye?"

Ya zuba wa fuskarta ido kamar yadda yake duba haɗi yana neman tsaga. Mamaki ya gani. Ko akwai wani abu a bayan mamakin, bai iya ganewa ba.

"Yana raye. Ya tsufa ƙwarai. Ba gashi, ba kunne, ɗan mitsitsi da shi. Ban yi zaton haka yake ba."

"Da ma ba shi da tsawo," ta ce, tana murmushi. "Sai ya taka akwati yake kai wa na sama." Ta ja kujera ta zauna. "Shekara nawa kana jin haushin katakon nan, Maigida? Kana tsammani ba na ganinka kana ƙwanƙwasa shi kana neman gara?"

Kunya ta rufe shi.

"A kicin ɗin nan uwata ta koya mini girki," ta ce. "Kuma abu ne mai kyau. Ka taɓa ganin na samu abu mai kyau na wulaƙanta shi?" Ta gyara zaman hannunta a cinya, ta kalli gurbin, sannan ta tambaya da wata murya da ta fi ta ɗazu sauƙi, "Ya gane gidan? Ya tambaye ni?"

Amsar na bakinsa, a shirye, kuma gaskiya ce. Kalma kaɗan za su wadatar: bai ma tuna ki ba, da yayarki ya haɗa ki. Da ya faɗa, da Kafinta ya fita daga kicin ɗin har abada. Ya dubi hannunta da ya rame saboda zaman filasta, fatar ta yi fari ta yi laushi.

"Ya gane," ya ce. "Ya ce bai taɓa ganin wanda ya riƙe aikinsa kamar ke ba. Ya ce kina da hannu."

Malama ta sunkuyar da kai tana murmushi, har kunnuwanta suka nuna jin daɗi. Mai Walda ya ji abin ya soke shi a ƙahon zuci, kuma ba shi da wanda zai zarga, don da bakinsa ya kawo saƙon. Ya fita ya taya Auta shigo da kaya.

Da kwana goma suka cika ya je karɓar murfin. Ya yi kyau, sai dai ya fi sauran haske kaɗan. Kafinta ya ce zai so ya bi shi ya ɗaura da hannunsa, ya kuma ga sauran ko sau ɗaya kafin ya mutu. Mai Walda ya ce hanyar unguwarsu ta lalace, babur ɗinsa kuma ba ya ɗaukar mutum biyu. Ya ɗaura murfin da kansa, ya zauna daram.

Hannun Malama bai koma kamar da ba. Tana iya na ƙasa da durowa, amma ɗaga hannu sama ya gagare ta. Tun daga lokacin, kowace Asabar Mai Walda ne ke taka kujera ya goge shida na sama, ita tana zaune tana cewa ya bar wuri a kusurwa. Bai taɓa cewa yana son aikin ba, bai kuma taɓa tsallake Asabar ba.

Bayan wata biyu ɗansu na tsakiya ya aiko musu da zuma kwalba biyu. Malama ta ware ɗaya ta sa a leda, ta ce ya kai wa Kafinta, a ce ta gode da gyara. Ya karɓa bai yi musu ba. A hanya ya tsaya a gindin wata bishiya ya kashe babur, ya yi ta juya kwalbar a hannu. Ya yi tunanin ya ba masu shagonsa, ya yi tunanin ya ce ta faɗi ta fashe. Daga ƙarshe ya tayar da babur ya ƙarasa bayan kasuwar katako.

Kafinta ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga ta a haske. "Wannan daga ina?"

"Daga ni," in ji Mai Walda da ƙarfi, saitin kunnen da ke ji. "Na ga kana tari rannan."

Tsohon ya yi ta sa albarka, ya jawo masa benci. Suka zauna suka yi hirar yadda kayan yanzu ba sa ƙarko, har aka fara rufe shaguna. Da ya koma gida Malama ta tambaye shi ko ya isar da saƙonta, ya ce ya isar, sannan ya tambaye ta abin da aka dafa.